Ashar a Bakin Dattijo

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku.

Ku yi haƙuri da ni, za ni yi magana a hankali. Harshena bai gama warwarewa ba. In kunka ji na tsaya, kalma nake nema.

Da yawanku kun san ni, amma na ga baƙin fuska, 'yan'uwanmu da sunka zo daga Sabon Birni da ma'aikatan da anka turo Isa bana. Sunana Yohanna. Bagobiri ne ni, kakana ya karɓi bishara tun yana hayin iyaka, cikin bangaskiya anka haife ni. Aikina allurar dabbobi, shi ya sa a kara, wato kasuwar shanu, da rugage ake ce mini Likita. A nan majami'a kuwa Dattijo ake ce mini. Waccan da ke zaune cikin zumuntar mata, mai shuɗin ɗankwali, matata ce, Maman Hannatu. Da izininta na tsaya nan yau.

Waɗanda sunka san ni da, da baki sunka san ni. In biki ne, ni ke addu'ar buɗewa. In rasuwa ce, ni. In miji da mata sun saɓa, ni Fasto ke aikawa. Har maƙwabtanmu Musulmi, in shanu sun yi ɓarna a gona rikici ya tashi, sai a ce a kira Likita, ya iya jera magana. Ina jin daɗin wannan ƙwarai. In na gama addu'a na ji amin ɗin jama'a ya yi ƙarfi, sai in zauna ina jin kaina wani ne. Kuma ina da abin da nake taƙama da shi: tun da anka yi mini baftisma ina saurayi, zagi bai taɓa fita bakina ba. Na yi shekaru cikin kara, tsakanin dillalai da direbobi, ina jin ashar safe da yamma, ban taɓa maimaita ko guda ba. Na sha faɗin haka a wannan wuri da nake tsaye.

Bara, bayan an kai gero gida, ranar kasuwar Isa da hantsi, ina kara. Wani abokina, Malam Garba, manomi ne daga Tozai, ya kawo bijiminsa na huɗa in yi masa allura. An kayar da sa, na durƙusa, na ɗauko sirinji. Sai na ga sirinjin a ƙasa. Ban ji lokacin da ya faɗi ba. Na miƙa hannun dama in ɗauka, hannun ya ƙi zuwa. Ina kallonsa kamar hannun wani.

Malam Garba ya ce, "Likita, lafiya? Bakinka ya karkace."

Na buɗe baki in ce lafiya lau. Daga nan ban san abin da ya biyo baya ba.

An daɗe ana gaya mini ina da hawan jini. Ana ba ni magani, in sha kwana biyu in aje. To, ga inda ya kai ni. Malam Garba da dillalai sunka ɗauke ni zuwa asibitin nan cikin gari, anka ce sai Sakkwato. Kun san halin hanyarmu, ba a binta yadda anka ga dama. Allah ya sa akwai ayarin motoci da za su tashi da rakiyar jami'an tsaro, anka cusa ni cikin ɗaya, kaina bisa cinyar Maman Hannatu.

Da na farfaɗo ina bisa gado, an ɗaura mini ƙarin ruwa. Ɓarin jikina na dama ya shanye. Amma hankalina yana nan ras. Na gane matata, na gane inda nake, ina jin duk abin da ake faɗi. Ta sunkuyo, idonta ya yi ja don kuka, ta ce, "Baban Hannatu, ka tashi? Sannu. Mun gode Allah."

Tausayinta ya kama ni. Na yi niyyar in ce mata sannu.

'Yan'uwa, abin da ya fito bakina ashar ne. Zagin uwa, irin wanda direbobin shanu ke lailayowa. Ba za ni maimaita shi cikin ɗakin Ubangiji ba. Ya fito da ƙarfi, sarai, babu gargada.

Wata mata da ke jinyar mijinta a gadon kusa ta tsaya da cokali a hannu. Maman Hannatu ta ja da baya kamar na mare ta.

Na firgita. Na ce a raina, bari in gyara, in ce ba haka nake nufi ba. Na sake buɗe baki. Shi ne dai ya sake fitowa. Na nemi in ce ruwa, shi. Na nemi in kira sunan Yesu, shi. Na sa hannun hagu na toshe bakina.

Likitan da ke duba ni ya zo, yaro ne matashi. Ya zaunar da Maman Hannatu a gabana ya ce, "Mama, jijiya ce ta toshe a kansa, daidai wurin da magana ke fitowa. Yana jinku, yana ganewa. Kalmomin suna nan, hanyar fitarsu ce ta lalace. Wasu masu wannan ciwo kalma guda ke rage musu, kuma sau da yawa zagi ne. Kada ku riƙe shi da laifi."

Ta ce ta ji. Ni ma na ji. Amma jin bai rage mini komai ba.

Fasto ya yi kasada ya bi hanya ya zo duba ni, shi da dattawa biyu. Ya kama hannuna ya yi addu'a mai tsawo. Da ya gama ya ce, "Dattijo, ka ce amin kawai. Kalma ce ƙarama, gwada."

Na girgiza kai. Ya ce, "Gwada, cikin bangaskiya."

Na gwada. Na zagi Fasto a fuskarsa, yana riƙe da hannuna. Wani tsoho a gadon can ƙarshe ya ce a'uzu billahi. Ɗaya daga cikin dattawan ya dafa ƙirji ya fita waje. Fasto bai saki hannuna ba, Allah ya saka masa, amma na ga idonsa, shi ma ya kaɗu.

Da anka sallame mu munka komo Isa, masu dubiya sunka cika gida. Kowa ya zo ganin Dattijo. An shimfiɗa mini tabarma a zaure, ina jingine da bango. In an gaishe ni sai in ɗaga hannun hagu. Amma wani lokaci baki kan riga ni. Wata 'yar'uwa ta shigo da jikanta, ta durƙusa ta gaishe ni, abin ya kuɓuce mini. Ta toshe wa yaron kunne da tafin hannu ta fita da shi da baya-baya. Na gwada rubutu da hagu a ƙasa, baƙaƙen sunka tarwatse mini, ko sunana na kasa haɗawa.

Magana ta bazu. Wasu sunka ce sammu anka yi mini a ruga. Wasu sunka ce aljani ne ya shiga bakina. Har anka kawo wasu masu addu'a daga wani gari, sunka kewaye ni suna tsawa a kaina wuni guda. Duk tsawar da sunka yi, tsoro ya ƙara kama ni, ashar ya ƙara fitowa, su kuma suna cewa ga shi nan aljanin yana amsawa. Sai da Maman Hannatu ta shigo ta ce ya isa haka, mijinta mara lafiya ne, a bar shi ya huta.

Amma maganar da ta fi soke ni, wani ɗan'uwa ne ya yi ta a ƙofar zaure. Ya ɗauka tunda ba na magana, ba na ji. Ya ce wa na kusa da shi, "Ciwo ba ya ƙirƙiro kalma. Abin da ya daɗe a zuciyarsa ne Allah ya tona."

Na riƙe maganar nan. Na kwana da ita na tashi da ita.

Mutum guda ne bai canza mini ba, Malam Garba. Duk ranar kasuwa sai ya biyo da ƙwaryar fura da nono. Ya tuɓe takalmi ya zauna ya ce, "Likita, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?" In na zage shi, sai ya ce, "To madalla, Allah ya ƙara sauƙi," ya ci gaba da ba ni labarin bijiminsa da farashin dawa. Wata rana wani ya ce masa, "Malam, zaginka fa yake yi." Ya ce, "A'a. Dubi idonsa. Gaishe ni yake yi." Ranar ban gane nauyin abin da ya faɗa ba.

Wata Lahadi da safe kowa ya taho majami'a, anka bar ni ni kaɗai. Kun san gidana ba nisa, ina jin ganga da muryoyinku. Tun da na kwanta ban yi addu'a da baki ba. Na ce a raina, mutane ne harshena ya ƙi, amma gaban Allah dole ya saki. Na ja jiki na kifa goshina bisa tabarma. Na tattara duk ƙarfina in ce Uba.

Ashar ya fito.

'Yan'uwa, ban san yadda za ni kwatanta muku abin da na ji ba. Na zagi Mahaliccina ina durƙushe gabansa. Na kwanta nan ina jiran ƙasa ta tsage. Na ce shi ke nan, ɗan'uwan nan ya yi gaskiya, an tona ni, an kuma rufe mini ƙofa. Ta yaya za ni tuba ba baki? Na sha koya wa masu shirin baftisma cewa sai mutum ya furta zunubinsa, ya furta bangaskiyarsa. Ga ni ba ni iya furta ko ɗaya.

Daga ranar na daina cin abinci. Na juya fuskata bango. Mutuwa nake so, kuma ina tsoronta.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi, Maman Hannatu ta kawo mini kunu. Yara duk ba su nan. Ta kai ludayi bakina, na kau da kai. Ta sake kaiwa, na ture da hannun hagu, kunun ya zube mata a zane. Ashar ya biyo baya. Sai na fashe da kuka, irin kukan da ban yi ba tun ina yaro.

Ba ta tashi ba. Ta goge zanenta, ta aje ƙwaryar gefe, ta gyara zama. Ta dube ni. Sannan ta ce, "Baban Hannatu, in don ni kake wanga kuka, ka bari. Zagin nan bai taɓa yi mini zafi ba, in ban da ranar farko. Na san ba ni kake nufi ba."

Sai ta ƙara da cewa, "Akwai maganar da na daɗe ina son in yi maka. Ban yi ba, don ba a gama magana da kai. Kafin mutum ya kai tsakiya ka riga ka ba shi amsa. Yau dai ba ka iya katse ni."

Na dube ta. Ban taɓa jin wannan murya a bakinta ba.

Ta ce, "Ka tuna zamanmu na Kurawa? Ka tuna daminar da Iliya ya rasu?"

Ga waɗanda ba su sani ba, Iliya ɗanmu ne, ƙanen Hannatu. Ya rasu yana tatata, fiye da shekara ashirin ke nan, lokacin da anka tura ni aiki Kurawa.

Ta ce, "Kana ruga wajen allurar shanu. Zazzaɓi ya tsananta masa da safe, kafin azahar ya fara sanƙarewa. Babu mota, ruwa ya cinye hanya. Na goya shi na kama hanyar Sabon Birni da ƙafa. Inda ruwa ya kai mini ƙirji na kwance shi na ɗora bisa kaina. Ko da na isa asibiti ya riga ya yi sanyi. Haka na sake goya shi na komo gida."

Ban san wannan ba. Ina gaya muku gaban Allah, ban sani ba. Na san dai an kai shi asibiti ba a dace ba.

Ta ce, "Washegari ka iso. Ba ka tambaye ni yadda anka yi ba. 'Yan'uwa sun zo daga Sabon Birni, gida ya cika, anka ce uban yaro ya yi addu'a. Ka miƙe ka ce, Ya Uba, ka gafarta wa waɗanda ka ba amanar reno sunka yi sakaci da ita. Kowa ya ce amin. Ni ma na ce amin. Ƙafafuna duk ƙaya, ban ko cire ba."

Na tuna addu'ar. Na tuna ta sarai, don bayan an watse wani dattijo ya kama hannuna ya ce bai taɓa jin addu'ar makoki mai ratsa jiki kamarta ba.

Ta ce, "Tun daga ranar mata ke kallona da wani ido. Kuma ba waccan addu'a kaɗai ba ce. In miya ta yi gishiri, ba ka gaya mini, sai da yamma a wurin addu'ar iyali Allah ya ji labari. Ka koya wa baiwarka kula, ka ba baiwarka hikima, ka raba baiwarka da yawan magana. Gaban yara, gaban baƙi. In zagi ne, sai in rama ko in yi fushi. Addu'a fa, mi za ni ce? Sai amin." Ta share ido da bakin ɗankwali. "Wanga ashar ciwo ne. Waccan addu'a kuwa kana da lafiyarka ka yi ta, kuma ni ka nufa."

Ta ɗauki ƙwarya ta ce, "Bari in damo maka wani kunun." Ta fita.

'Yan'uwa, faɗuwar da na yi a kara ba ta gigita ni kamar wannan ba. Bakina ya motsa, tsohon hali, yana neman amsa. Da ina da harshe, na san abin da za ni yi. Da na ce ba haka nake nufi ba, da na kawo mata aya, da na juya maganar har ita ta ba ni haƙuri. Amma babu harshe. Dole maganar ta zauna a cikina yadda ta faɗe ta.

Kwanakin da sunka biyo baya ina kwance ina bin addu'o'ina ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar kaina, da wa nake magana? Wannan da Maman Hannatu nake. Wannan da wani dattijo da munka saɓa a taron majalisa. Wannan da jama'a, don su ji na iya. Na rufe ido na kira sunan Allah, amma fuskata tana kallon mutane. Na nemi guda ɗaya da na yi da Allah kaɗai, na sha wuya kafin in samu.

Sai kuma wani abu ya faɗo mini da na binne shekaru. Ranar da za ni tafi rugar nan, Maman Hannatu ta tare ni a ƙofa ta ce jikin Iliya da zafi, ko za ni dakata a gani. Na taɓa goshinsa na ce haƙori ne yake fitarwa, na hau babur na tafi. Da na komo na tarar da gawa, zuciyata ta san wanda ya yi sakaci. Ban iya ɗaukar nauyin ba, sai na naɗe shi cikin addu'a na aza mata a ka gaban jama'a.

A nan na ga ɗan'uwan nan ya yi gaskiya ta wani gefe. Akwai abin da Allah ke son tonawa a zuciyata. Amma ba ashar ba ne.

Ran nan da la'asar na sake kifa goshina. Ban buɗe baki ba. Babu kalma ko a zuciya, nishi ne kawai da hawaye. Na shimfiɗa masa Iliya, na shimfiɗa masa ƙafafun matata da ƙaya, na shimfiɗa masa kaina. Ina nan kife sai maganar Malam Garba ta komo mini, dubi idonsa, gaishe ni yake yi. Na ce, in mutum ɗan'uwana ya iya jin gaisuwa a cikin zagi, ashe Allah da ya halicci kunne za shi kasa? Shekara da shekaru yana jin wuƙar da ke ƙarƙashin kalmomina masu daɗi. To, ranar Lahadin nan ma ya ji abin da ke ƙarƙashin ƙazamar kalmar. Ya ji Uba nake kira.

Wata salama ta sauko mini da ban taɓa sani ba. Na yi barci nan inda nake. Da na tashi na nuna wa Maman Hannatu bakina da hannu, ta kawo tuwo, na ci.

Amma da saura. Allah ya ji ni ba kalma, ita kuwa mutum ce, da kunne anka cuce ta, da kunne ya kamata ta ji. Kullum ina kallonta tana wanke ni, tana juya ni, tana shafa mini mai a hannun da ya mutu, ina da magana guda a maƙogwaro na rasa ta inda za ta fita.

Wata safiya tana wanki a tsakar gida tana rera wata waƙa ta zumuntar mata, tsohuwa, wadda uwata ma kan yi. Ina zaune a inuwa ina bin ta a zuci. Sai na ji wata murya tana tayawa. Muryata ce. Baiti guda cur, kalma bayan kalma, babu ashar ko ɗaya.

Ta saki rigar da take matsewa cikin ruwa. Munka tsaya muna kallon juna. Ta ce, "Sake." Na nemi in faɗi kalmomin haka kawai, sunka ƙi. Ta ɗauko waƙar, na bi, sunka fito. Da munka koma asibiti ganin likita, ya ce haka ne, waƙa da magana ba hanyarsu guda ba a cikin kai, in ci gaba da yi. Ni dai na san Wanda ya bar mini wannan hanya a buɗe.

Daga nan, duk lokacin da ta fita ɗiban ruwa ko cefane, sai in ɗauki karin waƙar nan in ɗora masa kalmomina. Na sha faɗuwa. In kai tsakiya ashar ya tsinke mini. In huta, in sake.

Ranar da na ga za ni iya, tana tsince wake a faifai kusa da ni. Na taɓa ta da hannun hagu. Ta ɗago. Na rera mata, kamar ƙaramin yaro a makarantar Lahadi: ki gafarta mini, ni ne na yi sakaci, ki gafarta mini.

Da farko dariya ta kuɓuce mata, don abin ya zo mata baƙo. Sai dariyar ta juye. Ta kifa kai bisa faifan tana kuka, wake yana zuba ƙasa. Na ci gaba da rerawa, don ba ni da wani abin da za ni ƙara. Da ta natsu ta ce, "Na gafarta maka, Baban Hannatu. Tsakanina da kai babu komai." Ta shiga tsince waken da ya zube. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Waɗanda sunka ce amin ranar nan, wasunsu suna nan da rai."

Ba ta roƙe ni komai ba. Amma na ji.

Daga waƙa magana ta fara komowa, kalma guda, biyu, har jimla. Ba ta komo duka ba. Hannun nan bai iya riƙe sirinji, na bar aikin kara. In na gaji ko anka razana ni, har yanzu kalmar nan takan kuɓuce, in kunka ji ku yi mini uzuri. Amma na roƙi Ubangiji ya ba ni abin da za shi ishe ni in tsaya a nan in yi magana guda, kuma ya ba ni.

Ga maganar. Ina ganin iyayenmu mata biyu a nan da sunka zo mana makoki a Kurawa, da Baba da ke zaune kusa da taga, shi ma yana wurin ranar. Ku ji da kunnenku, sauran jama'a kuma ku zama shaida. Maman Hannatu ba ta yi sakaci da ɗanta ba. Ta ratsa ruwa da shi bisa kai. Ni anka gaya wa yaro ba shi da lafiya, na hau babur na tafi. Addu'ar da na yi ranar nan ƙarya ce na yi wa matata da sunan Allah, na kuma sa ku kunka ce amin. Na roƙi Allah, na roƙe ta, yau ina roƙonku. Ku gafarta mini.

Na gode wa Yesu da ya tashe ni daga tabarma. Na gode masa da bai bar ni na mutu da wannan a cikina ba. Na gode wa Fasto, da ku duka da kunka yi ta zirga-zirga a gidana.

In akwai wani a nan da nauyi ya danne shi har ya rasa abin da za shi ce wa Allah, kada ya ja da baya. Ka je masa haka nan, ko nishi ne, yana ji. Ka dogara gare shi. In kuma akwai wanda bakinsa ke da lafiya kuma akwai mutumin da ke jiran kalma guda daga gare shi, kada ya jira sai an kwantar da shi kamar ni. Ka je yau, tun harshenka yana juyawa.

Fasto ya ce in na gama in rufe mana da addu'a. Na roƙe shi alfarma, ya yarda. Tun da munka yi aure ban taɓa bari matata ta yi addu'a ina wurin ba, kullum ni ke yi. Yanzu a gida ita ke yi mana, ni ina saurare.

Maman Hannatu, taso. Ni za ni ce amin.